Lemon Tsami da Ranar Bazara

Ina aji huɗu na sakandare ƙuraje suka cinye mini fuska. In sun baje sai su bar baƙin tabo da ramuka, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini Tanda, wai a kumatuna ma ana iya suyar masa. Ni dama ba mai magana ba ne. Sai na koma kujerar ƙarshe, ina kare fuska da littafi.

A zangon nan ne malamin Hausa ya ce ni zan karanta jawabin maraba ranar rabon kyaututtuka, a gaban iyaye da baƙi daga Sakkwato. Ni na rubuta jawabin, na yi ta gyara har ba sauran inda zan taɓa. Ban taɓa son wani abu kamar in tsaya in karanta shi da bakina ba. Amma duk sanda na leƙa madubin Inna sai in yi sauri in kife shi.

A littafin kimiyya na ga cewa bitamin C yana gyara fata, kuma lemon tsami cike yake da shi. Sha littafin yake nufi, ni kuwa sauri nake yi. Akwai wani baduku a zauren maƙwabtanmu, na sha ganin yana goga lemon tsami a jar fata, ya shanya, ta fito tana sheƙi. Na ce a raina, abin da ya gyara fatar akuya ba zai gaza a tawa ba.

Ranar kasuwa na sayo lemo wurin masu lambun Kalmalo. Kunya ta hana ni tambayar kowa. Bayan azahar sai in hau soro, in matse lemon, in bi tabo ɗaya bayan ɗaya da auduga, sannan in kwanta in fuskanci rana, ga shi tsakiyar bazara ce. Raɗaɗin da nake ji na ɗauka magani ne yake shiga. Kullum sai na ƙara.

Wata safiya na tashi fuskata ta yi bororo. Duk inda ruwan ya gangara, har wuya, ya bar baƙin zane. Inna ta saki ludayin koko.

"Wayyo ni! Mi kay yi ma huskakka, ɗan nan?"

Da na faɗa mata, yayata da ke wanke-wanke ta ƙyalƙyale da dariya.

"Inna, jimak kanai yay yi, sai ka ce hwatar akuya. Saura mu ɗunka jikka da shi."

"Rufa muna baki, ke!"

Malamin asibiti ya ce lemo da rana ne suka ƙone ni. Zai warke, amma ba wannan watan ba.

Na sami malamin Hausa a ofis, ina magana da ƙyar don gefen bakina ya tsage.

"Malam, don Allah a bar ni in karanta. Sai in naɗa rawani in ja amawali."

"Kai hakimin ina ne?" Ya yi dariya, da ya dube ni sosai kuma sai ya daina. "Faɗi layin farko in ji."

Na fara. Ban kai ƙarshen sallama ba jini ya tsatso mini a leɓe. Ya miƙo hannu, na ba shi takardar.

Shugaban ajinmu aka ba. Ni na zaunar da shi ina nuna masa inda zai tsaya ya numfasa, yana hamma.

Ranar taron ban shiga ba. Na raɓe a bayan katanga, gindin bishiyar dogon yaro, ina ji ta lasifika. Shugaban ajin ya bi jawabin a guje kamar ana korarsa, ya tsallake sakin layin da na yi wa iyayenmu mata godiya a ciki. Inna kuwa tana ciki a zaune, da sabon zanenta. Aka tafa masa sosai. Ni dai ina nan tsaye ina motsa baki, ina faɗin wurin da ya bari, har aka kira mai jawabi na gaba.