Malam Ilu Ya Karɓi Makulli Kafin Ciniki

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san Malam Ilu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai koɗaɗɗiyar hula da ke tsayawa a kara, wurin da ake cinikin shanu, hannu ɗaya a kan tozon sa, ɗaya riƙe da hannun mai saye. Shekara talatin da huɗu ke nan yana dillancin dabbobi. Gidansa yana wani ƙauye a yamma da Sule Tankarkar, inda ya gaji gonaki biyu, ɗaya ta gero da wake, ɗaya ta riɗi. Ya yi karatun allo har izu ashirin kafin kawunsa ya ja shi kara, daga nan kuma bai sake wata sana'a ba sai noma.

A kara an san shi da taurin ciniki. Yakan ce mai saye ba ya yabon abin da yake so, ba ya kuma karɓar igiyar dabba sai mai ita ya ce ya sallama, domin da zarar igiya ta shiga hannunka, bakinka ya mutu. A gida kuwa abin da ya fi ji da shi shanun huɗarsa ne guda biyu, waɗanda ya raina tun suna maruƙa. Da su yake riga kowa huɗa idan ruwa ya sauka, ya gama tasa, sannan ya yi wa wasu a biya shi. Bana ya rantse wa kansa cewa ko me zai saya, shanun nan ba za su bar turke ba.

Mota yake so ya saya. Matarsa Larai tana fama da ciwon suga, duk wata sai ta ga likita a Gumel, kuma a bayan babur yake kai ta. Watannin baya babur ɗin ya kafe a yashi, suka zube, ta yi mako uku ba ta taka ƙafar hagu ba. Ga 'ya'ya da jikoki, ko biki ko gaisuwar mutuwa sai an yi sawu uku. Ya riƙe riɗinsa har ya yi tsada a bazara, ya sayar, ya haɗa da kuɗin tumaki da abin da ya daɗe yana tarawa, ya tashi da naira miliyan bakwai da ɗan ɗoriya. Ya bi direbobi a tashar Gumel da ta Gagarawa yana tambaya a fakaice, kamar mai hira, har ya tabbatar cewa Sharon mai kujera bakwai, sabuwar shigowa, ba ta wuce miliyan bakwai idan mutum ya iya bakinsa. Niyyarsa ya tafi Kano shiru, inda ba wanda ya san shi, ya kushe mota son ransa, ya juya baya sau uku, a kira shi.

Sai Larai ta faɗa wa Balkisu a waya.

Balkisu ita ce 'yarsu ta fari, wadda Malam Ilu bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "ta Gumel". Mijinta Sabi'u kuwa motoci yake sayarwa a wani fili da ke bakin titin Gumel. Da Larai ta gaya wa Malam Ilu cewa yara sun ji, har suna murna, ya daɗe yana kallon ta.

"Yanzu da bakinki kika faɗa?"

"To, Malam, abin alheri ne ake ɓoyewa? Kuma ga ɗanka yana sana'ar, ka tsallake shi ka kai wa bare kuɗi? Me dangin mijinta za su ce da ita?"

Ya san gaskiyarta. Hanyar Kano ta toshe tun daga ranar.

Ranar Litinin da hantsi ya isa filin. Sabi'u na hango shi ya tuɓe takalma, ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, da ka aiko ai da na zo. Ina gajiya? Ina su Inna?"

Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwan sanyi da fura. Sannan Sabi'u ya kai shi gaban wata Sharon ruwan toka, ya buɗe ƙofofi duka. Malam Ilu ya zagaya ta kamar yadda yake zagaya sa. Idonsa ya ga abin da ya gani: tayoyin baya sun fara suɗewa, fentin ƙofa ɗaya ya ɗan bambanta da sauran. Da a Kano ne, waɗannan biyun kaɗai sun isa ya zabge dubu ɗari uku. Amma wa zai dubi surukinsa ya ce hajarsa tana da aibi? Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ma sha Allah. Lafiyayya ce."

Ya jira a faɗi kuɗi. Sabi'u ma ya jira a tambaye shi. Suka tsaya, kowa na kallon ƙasa. Daga ƙarshe Malam Ilu ya yi gyaran murya ya ce, "To, yaya ake ciki?"

"Haba Baba, ai taka ce. Wace magana ce tsakaninmu? A kai ta gida tukuna su Inna su gani, sauran mai sauƙi ne."

Ya miƙo makulli da hannu biyu, yana durƙushe. Masu shaguna na kallo, wani ma har ya fara cewa Allah ya sa alheri. Barin hannun yaron a miƙe a gaban jama'a ya fi ƙarfin Malam Ilu. Ya karɓa.

Sabi'u da kansa ya tuƙa su har ƙauye. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mata suka shigo suna guɗa, liman ya zo ya ɗora hannu a kan motar ya yi addu'a, Larai ta sa aka soya waina aka raba sadaka. Mai unguwa ya shiga ya zauna a gaba, ya ce a kunna masa sanyi ya ji. Da aka watse, Sabi'u ya durƙusa ya yi sallama, ya hau ɗan acaɓa ya koma Gumel. Motar ta kwana a ƙofar gida ba wanda ya san kuɗinta.

Haka ta kwana tara. Malam Ilu ya sa aka kafa mata rumfar zana, amma bai yarda an tayar da ita ba ko sau ɗaya. Idan zai fita masallaci yakan bi ta ƙofar baya don kada ya haɗu da masu taya murna. Mayar da ita ba dama, bayan liman ya yi addu'a kuma an ci waina. Cewa za a yi ya kasa, ko kuma surukinsa ya cuce shi, kuma duk wanda aka faɗa a kan 'yarsa zai sauka. Kiran Sabi'u a waya ya ce nawa ne, wannan ma bakinsa ya ƙi. Sau biyu yana danna lambar, su gaisa, ya tambayi lafiyar yara, ya kashe. Abinci ya daina shiga. Da safe yakan tsaya a turke yana zuba wa shanun harawa, ya daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke bukata.

Ranar Alhamis ta biyu ya ja abokinsa Hamza gefe a kara. Hamza Bafulatani ne, dillali kamarsa, sun fi shekara ashirin suna cin kasuwa tare, kuma tun da Malam Ilu Bamange ne, wasa ba ya ƙarewa tsakaninsu. Da ya ji labarin sai da ya zauna a kan buhun dusa saboda dariya.

"Kai! Ilu mai hana karɓar igiya! Ashe bawana wayonka na shanu ne kawai? Ka karɓi makulli, ka sa an yi guɗa, sannan ka zo neman dillali?"

"Ka gama, ɗan nono. In ka gama ka tashi ka je Gumel."

"Zan je. Amma ka sani, ciniki da ƙafa ake yin sa. Mai saye in ba zai iya tafiya ba, me zan tsorata su da shi?"

Hamza ya je ranar Asabar, ya dawo bayan azahar, ba dariya a fuskarsa. Suka zauna a zaure. Ya ce motar ba ta Sabi'u ba ce, ta mai filin ce, wani Alhaji da ke zaune a Kano. Sabi'u la'ada kawai yake ci. Alhajin ya sa mata miliyan takwas da dubu ɗari biyu, kamar yadda ake sawa don a rage. Da a ranar farko aka taya, da ta sauko bakwai, ko bakwai da ɗari. Amma yanzu ya ji labarin cewa motar tana ƙauye an yi mata walima, ya san ba inda za ta.

"Na kushe tayoyi, na kushe fenti, har na ce za mu dawo da ita gobe. Ka san abin da ya ce a waya? Ya ce, 'Ku dawo da ita mana.' Yana dariya. Da kyar na sauko da shi bakwai da ɗari takwas. Daga nan duk abin da na faɗa sai ya ce albarka."

"Shi yaron fa?"

"Shi ma kwana goma sha biyu bai yi barcin kirki ba. Kullum Alhaji na kiran sa ina kuɗi, shi kuma ba zai iya tambayar ka ba. Ya ce in gaya maka ya yafe la'adarsa, kuma zai sayar da babur ɗinsa ya cika sauran, kai ka kawo abin da ke hannunka. Ya roƙe ni kada in ce daga gare shi ne, in ce Alhaji ne ya rage. Ni kuwa ban iya yi maka ƙarya ba."

Daga cikin gida ana jin Larai tana faɗa wa wata maƙwabciya cewa ranar Laraba a mota za ta asibiti.

"Ni dillali ne, Hamza," in ji Malam Ilu. "Ban taɓa cin la'adar wani ba, ba zan fara da mijin 'yata ba. Kuma a ce yaro ya sayar da abin hawansa don in shiga mota? In ta Gumel ta yi masa laifi gobe, da wane baki zan yi magana?"

"To sai gona ko shanu."

"Gona ta 'ya'yan da zan bari a baya ce."

Ranar Alhamis ya kwance shanun da kansa. Bai bari an ɗora su a mota ba, ya bi su a ƙasa tun da sassafe. Sa ɗaya zai iya cike giɓin, amma shanun huɗa tare suka koyi garma, wanda aka raba da ɗan'uwansa ba ya tafiya daidai, kuma masu saye sun san haka. A kara kowa ya gane su, kowa kuma ya ji labarin motar. Wani mahauci daga Gagarawa ya fara tayi, Malam Ilu ya ce albarka tun bai rufe baki ba, don ba zai ba wuƙa su ba. Sai wani manomi daga tsallaken iyaka ya zo, ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya taɓe baki ya ce sun fara tsufa. Ya taya ƙasa da abin da suka cancanta, ya juya baya ya fara tafiya a hankali. Malam Ilu ya san wannan tafiyar sarai. Ya bar shi ya yi taku goma, sannan ya ce wa Hamza ya kira shi.

Washegari Hamza ya kai kuɗin Gumel cif, har da la'adar Sabi'u, ya karɓo takardu. Sabi'u ya zo godiya ranar Lahadi, ya durƙusa a zaure, suka yi hirar zafi da tsadar taki. Ba wanda ya ambaci mota.

Ruwan shuka ya sauka a farkon Yuni. Da lokacin huɗa ya yi, Malam Ilu ya je gidan wani maƙwabcinsa mai shanu, wanda shekaru uku da suka wuce shi ne ke zuwa roƙon a yi masa. Mutumin ya karɓe shi da girmamawa, ya ba shi tabarma, ya ƙirga da yatsu waɗanda suka riga shi magana.

"Kai ne na tara, Malam. In Allah ya yarda, nan da kwana goma sha biyu."

Malam Ilu ya ce ba komai, Allah ya kai mu. Ya koma gida ya ɗauko tsohuwar garmarsa ta hannu daga saman rumbu, ya aika da ita wurin maƙeri a gyara mata baki.