Ranar da Aka Zo Duba Inna Tana Lafiya Ƙalau

Na daɗe ina riƙe da muƙamin sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Roni, kuma abubuwa da yawa sun wuce ta kaina, wasu sai an tuna mini nake tunawa. Amma wannan da zan ba ku labarinsa, ko tsufa ya kwashe mini tunani, ina jin shi ne zai rage na ƙarshe.

Wasu masu tallafa wa sana'o'in mata ne suka ba mu shawarar mu buɗe shafin intanet, don masu saye daga Kano da Abuja su riƙa ganin kayanmu. Babu wadda ta san yadda ake yi a cikinmu, sai aka haɗa mu da wani mutum mai ƙaramin kamfani a Kano, wanda aikinsa ke nan. Ya zo har rumfar da muke aiki, ya durƙusa ya gaida manya, ya fito da takardar yarjejeniya da Turanci. Ni aka miƙa wa, tunda na taɓa koyarwa a firamare. Na karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma babu kalmar da ban san ma'anarta ba. Sai daga baya na gane mutum na iya sanin kowace kalma a takarda, amma bai san da abin da ta ɗaure shi ba. Ni da shugabarmu muka sa hannu.

Ranar ya ɗauki hotuna da yawa. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne na dattijuwar cikinmu, wadda duk muke kira Inna. Ta ɗaga kwalbar mai a hasken hantsi tana dariya, man yana sheƙi. Mace ce da duk garin ya shaida ba ta ƙarya, ko a ciniki idan man jiya ne za ta ce maka na jiya ne. Da aka buɗe shafin, hotonta ne a gaba. Muka yi ta murna, ciniki ma ya ɗan ƙaru.

Bayan kaka, wata safiya muna tsakiyar matsar mai, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Inna, inda rumfarmu take. 'Yan'uwanta ne mata daga Gwiwa, ɗauke da lemo da ayaba da ƙwaryar fura. Suka shigo jiki a sanyaye suna yi mata sannu da jiki. Inna, da hannunta duk tunkuza, ta amsa da alhamdu lillahi, don ta ɗauka gaisuwa ce irin wadda ake yi wa tsofaffi. Babbarsu ta fara hawaye, tana cewa ashe haka ta sha fama ita kaɗai ba ta faɗa wa kowa ba. Inna ta zaci ciwon gwiwarta ake nufi, ta ce ai abin ba shi da yawa, idan ta shafa man zafi yana lafawa. Suka kalli juna. Ɗaya ta tambaya ko har shafa shi ake yi, ita ta ji sha ake yi. Aka daɗe ana wannan magana, kowa na amsa abin da ba a tambaye shi ba, mu kuma mun tsaya da ludayi a hannu muna kallo.

Can ɗayarsu ta fito da waya ta miƙo mini. Hoton Inna ne, wannan dai na shafinmu, da dariyarta da ɗankwalinta. Sai dai kwalbar hannunta an manna mata takarda mai launin kore, a ƙasa kuma an rubuta cewa ta yi shekaru tana fama da ciwon suga, wannan maganin gargajiya ne ya warkar da ita. Na karanta a zuci, na sake karantawa, sannan na karanta mata a fili. Ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan kam ni ce," ta ce. Ta juyo gare ni da gaske, ba da wasa ba. "To 'yar nan, yaushe na yi ciwon?"



Washegari ɗanta ya taso daga Babura inda yake aiki, ransa a ɓace, yana ganin mahaifiyarsa ta ɓoye masa ciwo. Duk rantsuwar da ta yi bai yarda ba sai da ya kai ta asibiti a Kazaure aka gwada jininta. Aka ce ba ta da suga ko kaɗan. Na ce to, magana ta ƙare. Ashe a nan ta fara. Kafin su dawo gida labari ya riga su, wai likita da kansa ya tabbatar Inna ta warke sarai, maganin nan gaskiya ne. Duk wanda na yi wa bayanin cewa ba ta taɓa yin ciwon ba, sai ya ce ai ga gwajin asibiti nan.

Na kira mutumin Kano. Ya rantse bai san da zancen ba, kuma a muryarsa na ji shi ma ya ruɗe. Shugaba ta ce kafin komai in cire duk hotunan mata daga shafinmu. Na zauna da wayata na buɗe shafin, sai a lokacin na lura ban san ta inda ake shiga a cire wani abu ba. Kallo kawai nake iya yi kamar kowane baƙo. Na sake kiransa na ce ya ba ni lambar sirrin shiga. Ya ce ba ta hannunsa, tana wurin wanda ya haɗa shafin. Na ce ai shi ne ya haɗa. Ya ce a'a, shi ya karɓi aikin, amma wani abokin aikinsa a Kaduna ya ba wa, kuma tun kwanaki ba ya samunsa a waya. Na ajiye wayar ina tambayar kaina, to wa muka ba aiki? Mutumin da ya durƙusa ya gaishe mu, ko wani da ba mu taɓa jin ko sunansa ba?

A rumfa kuwa an fara yi mini wani irin kallo. Ba wadda ta faɗa a gabana, amma na ji ana cewa ai mai karatun ce ta san inda hoton ya bi. Waɗansu mazan suka hana matansu zuwa aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo bayan haka. Mijin wata 'yar ƙungiyarmu, dattijo mai ciwon suga na gaske, ya ajiye maganin asibiti ya aika aka sayo masa wannan kwalbar. Da matarsa ta yi magana, sai ya ce in dai Inna ta ce ta warke, to ta warke. Ranar kasuwa ya yanke jiki ya faɗi, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa Kazaure. Da labarin ya iso wa Inna, ta shiga ɗaki ta daina fitowa. Abinci ma sai an matsa mata. Na same ta a kan sallaya, ta ce mini idan mutumin nan ya mutu, da fuskarta aka kashe shi.

'Yar ƙanwar mijina lauya ce a Dutse. Na ɗauki takardar na tafi wurinta. Ta karanta tana ja da biro a ƙarƙashin wasu layuka da ni ma na karanta a baya na wuce. Wani layi ya ce kamfanin na da damar ba wani daban aikin, rabinsa ko dukansa. Wani ya ce duk abin da muka ba su na hotuna da rubutu, su da abokan aikinsu na iya amfani da shi a wasu ayyukan. Sunan shafin kuma da sunan kamfanin aka yi masa rajista. Maganar ba mu lambar sirri, ko wanda zai kula da shafin bayan an gama, babu ita ko a layi ɗaya.

"Anti," ta ce, "shafin nan ma ba naku ba ne. Sunanku ne kawai a jikinsa."

Na ce to me muka saya ke nan? Ta ce wannan tambayar ce ya kamata a yi kafin a sa hannu. Amma ta ƙara da cewa babu yarjejeniyar da ta ba wani damar yin ƙarya da bakin mutum, kuma ta nan za ta kama su. Ta rubuta wa kamfanin da mai sayar da maganin.

Mutumin Kano, a yi masa adalci, bai ɓuya ba. Ya nemo na Kaduna, wanda ya ce mai maganin ne ya ba shi aikin talla, ya duba cikin hotunan da ke kwamfutarsa ya ga tsohuwa riƙe da kwalba, ya ga ta dace. Bai ma san a wane gari take ba. Aka sauke tallan, amma hoton ya riga ya shiga wayoyin mutane, wannan ya tura wa wancan. Mutumin Kano ya zo Roni da wani kawunsa, ya zube a gaban Inna yana neman gafara, ya tambaye ta me zai yi mata.

Ta ce ba ta son komai nasa. Ta ce ya kunna wayar ya ɗauki muryarta, tunda ta nan ƙaryar ta bi. Ta gyara zama, ta yi sallama, ta ce ita ce tsohuwar da ke cikin hoton, mai man gyaɗa ce, abin da ke cikin kwalbar man gyaɗa ne, ba ta taɓa ciwon suga ba, kuma duk mai ciwon don girman Allah ya koma wa likitansa. Muka tura wa duk wanda muka sani. Ɗanta ya tura wa mutanen Babura, na Gwiwa suka tura wa nasu. Dattijon nan Allah ya tashi kafaɗunsa, ya dawo gida bayan ya sha jinya, kuma Inna ce ta fara zuwa gaishe shi.

Da za mu sake yarjejeniya, lauyar ta fassara mana ita da Hausa, aka karanta a gaban mata duka, kowa ta yi tambayarta. Muka sa a rubuta cewa sunan shafin da sunan ƙungiya za a yi masa rajista, lambar sirri tana hannunmu, ba a ba wani aikinmu sai da saninmu, hoton kowace mace nata ne kuma ba ya fita daga shafinmu, sannan a faɗi wanda za mu kira idan wani abu ya lalace.

Har yau ban san yadda ake haɗa shafin intanet ba, kuma ba na jin zan sani. Abin da na koya shi ne, idan za ka ba wani aikin da ba ka iya ba, kyan halinsa bai isa ba, domin aikin na iya barin hannunsa ya faɗa hannun wanda bai san ka ba. Ka tambaya tun farko: in an gama, abin na waye, wa zai taɓa shi, kuma me za a yi da abin da na ba ku? In ba a rubuta amsar yadda za ka iya maimaita ta da bakinka ba, kada ka sa hannu, musamman idan amanar wasu ce kake ɗauke da ita.