Bututun Cibiyar Da Na Ji Kunyar Koyo

Edita, ina yi maka sallama. A lokacin da abin nan ya faru, ni babbar nas ce a ɗakin jarirai na wani asibiti a Bawku, na yi furfura a aikin, kuma ba na son gyara. Sai aka tura mu kwas Yendi mu koyi zura siririn bututu ta cibiyar jinjirin da ya galabaita, domin a ba shi ruwa da magani idan jijiyar hannu ta ƙi samuwa. Da na shiga aji, ashe mai koyar da mu 'yar maƙwabciyarmu ce a zangon Salaga, yarinyar da na yi wa wankan jarirai da hannuna. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana Inna, Inna.

Ta nuna mana cewa ƙofa uku ce a cibiya, mai faɗin ita ake bi, sannan kowa ya gwada a gabanta. Wallahi ban gane ba, ga idona ya fara rauni. Amma yaya zan ce wa 'yar da na goya ta sake nuna mini? Na ce mata na saba, a bar yara su gwada. Ita kuma kunyata ta hana ta matsa mini, ta sa hannu a takardata ta shaidar cewa na iya. Girman kai rawanin tsiya.

Ana nan, bayan na koma Bawku, wani hantsi aka kawo bakwaini, jijiya duk ta ɓuya. Kowa ya juyo ya dube ni, ni ce mai takarda. Na riƙe bututun ina ta dannawa a ƙaramar ƙofa yana tokarewa, har cibiyar ta kumbura. Ko a nan ban ce ban iya ba. Kafin a samo likita, yaron ya cika. Uwar ta kama hannuna ta ce ta ga ƙoƙarina, Allah ya saka mini da alheri. Godiyar nan ta fi mini zagi ciwo.

Daga baya na koma Yendi, na zauna a bencin ɗalibai, na faɗa wa yarinyar gaskiya, muka yi kuka tare. Yanzu na iya, amma iyawar ba ta tashi yaron ba. 'Yan uwana ma'aikatan jinya, in ba ku gane ba ku tambaya, ko jikarku ce malamar. Ku kuma matasa, kada kunyar babba ta sa ku sa masa hannu a takarda alhali bai iya ba. Kunyar minti ɗaya na guje wa, ɗan wata ya biya da ransa.