Kazar da ta kwanta mana kan faranti

Ina shekara ta uku da kama aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti kusa da Malumfashi aka kawo mana wani dattijo Bamaguje, fartanya ta sare shi a ƙwauri. Ciwon ya ruɓe. An yi ta ɗirka masa allurar fanisilin, ko gezau. Likita ya ce in ba a gano maganin da zai ci ciwon ba kafin Juma'a, sai dai a yanke ƙafar. Manomi, a tsakiyar damina! Abin ya tsaya mini a rai.

Aikina shi ne in lakato mugunyar, in shafa a farantin gilashi mai abincin ƙwayoyin cuta, in jera 'yan takardu masu magani iri-iri a kai. Idan ya kwana cikin ɗumi ƙwayoyin suka tsiro, sai a ga maganin da ya hana su matsowa kusa da shi. To, ɗumin ne ya gagara. Akwatinmu na ɗumama faranti da kananzir yake aiki, ga marka ta yanke hanyar Funtuwa inda muke sayo shi, tin ɗinmu ya ƙafe ƙaf. Na fito ina ta sababi ni kaɗai.

Matar dattijon tana zaune a baranda. Ta ce, "Malam, kai da wa?"

Na ce, "Inna, abin nan ɗumi yake so irin na jikin mutum, ba yankewa."

"Kamar ƙwai ke nan?"

"Kamar ƙwai."

"Af! Kaji sun ƙare ne a garin nan?"

Ni da na yi kwas har Kano, sai na ji girmana ya zube. Amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Kazar kukun asibitin tana kwanci a bayan kicin. Na rufe farantin cikin gwangwani mai faɗi, na naɗe da filasta. Sau biyu kazar tana sarar hannuna, tsohuwa kuwa hannu ɗaya ta sa ta tura mata shi cikin ƙwai tana mini dariya.

Washegari da hantsi na buɗe. Ƙwayoyin sun tsiro! Sun rufe takardar fanisilin ruf, amma kewayen wata takarda guda fes yake kamar an share masussuka. Na nuna wa likita, bai tambayi inda farantin ya kwana ba, ni ma ban tanka ba. Da na kai wa dattijon farantin ya leƙa, cewa ya yi, "Wannan ce ta yi noma, sauran ragwaye ne." Ranar aka sauya masa magani.

Da kaka sai ga shi da ƙafarsa, ɗauke da damin gero a ka. Daɗi ya kama ni, na miƙa hannu biyu zan karɓa ina godiya.

Ya ja da baya ya ce, "A'a Malam, ba naka ba ne. Ina kazar take?"