Wakilin OPEP a Hanyar Pitowa

A bakin hanyar Pitowa, dab da shiga Garwa, wani dattijo yana zaune bayan teburin kwalaben fetur, rediyo manne da kunnensa. Hularsa ta koɗe, amma ya kafa ta kamar ta ango. Fetur ya cinye masa fatar yatsu.

Sidonie tana tsaye a rana, ranta a ɓace. Fetur ya ƙare wa mashin ɗin hayar da ya ɗauko ta, ga kwandonta na ɗanyen kifi ya fara tara ƙuda.

Ta ce, "Baba, lita ɗaya kawai."

Ya ɗaga mata hannu, ko kallonta bai yi ba. A rediyo ana labarin OPEP, ƙungiyar manyan ƙasashe masu arzikin fetur, wai suna taro kan rage haƙowa. Yana gyaɗa kai kamar da shawararsa ake yi. Sai ya jawo buhu ya lulluɓe kwalaben.

"'Yata, sai sun fito daga taro. Yanzu ban san kuɗinsa ba."

Tana harararsa. Wataƙila tsohon direban tanka ne, ko kuwa wani tashin farashi ya taɓa karya shi, ya rantse ba za a sake shammatarsa ba. Amma fetur ɗin nan tun makon jiya ya tsallako daga Najeriya a jarka. Wane taro ya san da zamansa?

"To Baba, ranar da suka ƙara haƙowa, farashi ya sauka fa?"

Ya murɗa rediyon a hankali.

"Irin wannan ranar, 'yata, rediyon nan ba ya kama tasha."