Dattijuwa da Kwamfutar Maraɗi

A wata rumfar buga takardu da ke bakin iyakar Jibiya, ina kallon wata dattijuwa mai tabarau, ta kusa manna hancinta a fuskar kwamfuta. Na'urar daga Maraɗi ta zo, komai nata da Faransanci, kuma ga alama ba ta jin harshen. Da hoto take gane maɓallai. Tana jawo na ƙara girman haruffa da na haske, tana jera su a kusurwa guda, inda hannunta zai same su ba lalube. Ina zaton da wannan kujera take ciyar da gida.

Wani direba da ke jira ya ce, "Hajiya, ido ya gaji, a bar wa yara mana."

Ba ta ɗago kai ba. "Ido ne ya gaji, ɗana. Ni kam da saurana."