Wutsiyar Bidi

Mahaifina ya koya mini cewa ƙira ake fara duba wa doki, launi sai daga baya. A wurinsa dawaki kashi uku ne. Akwai ingarma, dogon nan mai nauyi da ake saukowa da shi daga Barno, wanda in ya taka ƙasa sai ka ji a ƙirjinka. Akwai kuru, ɗan ƙaramin dokin duwatsu mai taurin kai da taurin rai. Sai na tsakiya, wanda bai kai ingarma tsawo ba amma ya fi shi kauri, ga gajerun ƙafafu, ga faffaɗan ƙirji, ga wuya kamar na bijimi. Shi wannan turmi mahaifina yake ce masa, ban kuma taɓa jin sunan a bakin wani ba. Yakan ce ingarma na nuna isa ne, kuru na talaka ne, turmi kuwa na mai hankali ne.

Duk wannan ilimi na gada, na kuma rasa inda zan kai shi, don a Enugu muke zaune, a Ogui, kusa da tashar jirgin ƙasa. Masu sayen dawakinmu ba hawa suke yi ba. A ƙauyukan Ibo da ke kewaye da garin, in babban mutum ya mutu, 'ya'yansa sukan sayi doki su kashe a bikin binne shi, su yanke wutsiyar, babban ɗa ya riƙe ta shaidar ya fita kunyar ubansa. Saboda haka a wurinsu dawaki kashi biyu ne kawai, mai cikar wutsiya da marar ita. Mutum zai zo, ina ta nuna masa haƙora da kofato, shi kuwa ya zagaya baya ya kama gashin yana aunawa kamar mai sayen yadi. Shekara da shekaru ina sauke dawaki daga tarago da rani, ina miƙa su ga mutuwa kafin ruwa ya sauka, ban taɓa jin komai ba. Ai ko ban sayar ba, ƙudan tsando na ƙasar ba ya barin doki ya ga damina biyu. Da haka nake wanke kaina.

Sai Allah ya haɗa ni da Bidi. Launinsa ne ya zama sunansa, toka-toka mai duhu. Turmi ne na gaske, irin wanda mahaifina ya mutu yana kwatanta mini. Ranar da aka sauke shi na dafa bayansa, sai na ji ba zan iya sayar da shi ba. Na yi masa rumfa a bayan gida, ina turara masa hayaƙi safe da yamma saboda ƙuda, ina aikawa a kawo masa harawa da kanwa tun daga Arewa. Wutsiyarsa har tana sharar ƙasa, in ya kaɗa ta kuwa ba ƙudan da ke iya zama a jikinsa. Damina huɗu ya yi a hannuna, abin da kowa ya ce ba ya yiwuwa. Matata takan ce da ita ce ta sami rabin kulawar nan da ta yi ƙiba.

Maƙwabcina dattijo ne Ibo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya daɗe a Kafanchan, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Kullum da la'asar sai ya leƙo ta saman danga ya ce in ajiye masa dokin nan da kyau, shi zai raka shi ranar da ya mutu. Ni kuma in ce to sai ya yi ta jira, Bidi ne zai binne mu duka. Mu yi dariya, in miƙa masa goro.

Shekarar da aka yi juyin mulki biyu, dariyar ta ƙare. Jirage suka riƙa saukowa daga Arewa cike da mutanensu, wasu da raunuka, wasu ba rai. Daga ƙofar gidana nake jin kukan mata a tasha. Ban ga laifin mai kuka ba, amma na san in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, naka kake shafa wa ruwa. Labari ya zo daga Fatakwal an taɓa unguwar Hausawa. Ɗan kawuna mai sayar da albasa a kasuwar Ose, a Anacha, ya aiko cewa ya bar unguwarsu ta Fegge da rigar jikinsa ya haye kogi. Sannan aka ce duk ɗan Arewa ya haɗa kayansa, hukuma ba za ta iya tsare ran kowa ba. A makon nan ne kuma aka kawo wa maƙwabcina labarin an kashe yayansa a Arewa. Ya daina leƙo danga.

Na je tasha na roƙi a ba ni gefen tarago in sa Bidi. Ma'aikacin ya dube ni, ya nuna mini rufin jirgi inda mutane suke zaune da jarirai, sai na ji kunya na juyo. Na yi tunanin in hau dokin in bi hanya har Makurɗi. Matata, da cikinta wata bakwai, ta tambaye ni ko ita a aljihu zan sa ta, ta kuma ce Bahaushe a kan doki ko makaho ya hango shi. Na ɗauko wuƙa in yanka shi da hannuna in huta, ya juyo yana shinshinar aljihuna yana neman kanwa, na mayar da ita kube. Kwana biyu ban ci abinci ba. Ana kashe mutane, ni ina kukan doki. Na san abin kunya ne, matata ma ta faɗa mini a fuska, amma zuciyata ta ƙi ji.

Ranar da za mu tafi, da hantsi, maƙwabcina ya shigo. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Sai ya ce, "Malam, bar mini shi. Zan kai shi ƙauyenmu, ba wanda zai taɓa shi. In ƙura ta lafa ka dawo ka ɗauki abinka."

Na yi godiya, ya fita ya nemo igiya. Yana fita shaiɗan ya shigo. Na tuna wasan da yake yi mini a danga. Na tuna yayansa babban mutum ne, dole a yi masa biki, ga shi hanya ta rufe, ba dokin da zai ƙara saukowa. Na ce a raina, mutumin da mutanenmu suka kashe wa ɗan'uwa, don me zai ciyar da dokina? Ni da na san kasuwar nan ciki da bai, na san abu ɗaya ne ke sa doki ya zama ba shi da amfani a wurin biki. Na ɗauki almakashin ɗinkin matata na kama wutsiyar. Ban taɓa ƙashi ba, gashin na datse har gindi, na bi sauran da aska. Bidi bai motsa ba, don ya saba in ina bayansa gyara nake yi masa. Na naɗe gashin na cusa cikin buhun kayanmu, har ina jin na yi dabara.

Dattijon ya dawo da igiya ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ɗan guntun da ya rage, sannan ya dube ni. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ɗaura igiyar ya ja shi suka fita, Bidi yana kaɗa abin da babu.

Muka isa Arewa bayan wahalar da ba na son tunawa, matata ta haihu lafiya, yaƙi ya ɓarke. Duk tsawonsa, in rediyo ya ce yunwa ta yi tsanani a can, sai in ce to an cinye Bidi. Wani lokaci kuma in ce a'a, an yi biki da shi haka nan. Ko sau ɗaya ban kawo wani abu daban a raina ba.

Da aka gama yaƙi na koma. Gidanmu na Ogui ba rufi, wasu mutane ne a ciki. Na yi ta tambaya har na sami ƙauyen dattijon, can cikin kwari a bakin rafi, inda ciyawa ta fi mutum tsawo. Na same shi zaune a kan kututture, ya zama ƙashi da fata. Ya gane ni, ya sa aka ba ni ruwa. Na tambayi iyali, ya lissafa mini waɗanda suka rage, ba su da yawa. Kunya ta hana ni tambayar doki, shi ya ɗauko maganar da kansa.

Ya ce danginsa sun zo sun roƙe shi, ko ba wutsiya a yi wa yayansa biki da dokin, ya hana, har suka yi fushi da shi, aka binne mutumin ba doki. Ya ce ya yi hayaƙi yadda ya ga ina yi, ya zauna da ganyen ayaba yana yi masa fifita har hannunsa ya gaji. Amma ƙudan bakin rafi ba sa gajiya. Suka kwanta masa a cinya da ciki, ya yi ta buga ƙafa, ya daina cin abinci, ya kumbura, wata uku bai cika ba ya faɗi. Tun kafin a harba bindigar farko ya mutu.

"Mutanenmu suna cewa saniyar da ba ta da wutsiya, Allah ke kore mata ƙuda," in ji shi. "Amma shi wannan yana da tasa, Malam. Kai ka tafi da ita."

Matata ta sha gaya mini cewa ko da wutsiyar, kwarin nan ba ya barin doki, mai yiwuwa kuma gaskiyarta. Ni dai na san damina huɗu ya yi da ita, bai yi wata uku babu ita ba. Na san kuma na raba dawaki kashi uku ban taɓa kuskure ba, amma mutumin da muka raba danga shekara goma ban san a wane kashi yake ba. Gashin yana nan rataye a ƙusa a ɗakina. Da zafi ƙuda sukan dame ni, jikokina su ce in ɗauko in kore su, sai in ce su bar shi inda yake.